Mai Lasar Yatsa a Ɗakin Gwajin Kankare

Mai gwajin kankare ba ta taɓa ganin mutumin da ke zaune gaban teburinta ba. Takarda ta ce ɗan kwangila ne, guntun kankaren da ya kawo kuma daga barandar wata makaranta ta bakin teku aka saro shi. Gajere ne mai teɓa, wuyan farar rigarsa ya yi baƙi da maiƙo. Yana sakace da farce, yana goge abin da ya fito a hannun kujera.

Ta fasa guntun, ta fesa masa maganin gwaji. Lafiyayyen kankare ja yake yi, amma nasa ko gezau.

Ta ce, "Tokar da kuka haɗa da siminti ta yi yawa, Yallaɓai. In an sa daidai, tana hana gishiri isa ga rodi. Ku kuwa kun labta, ba ku ba shi ruwa ba, iska ta cinye shi har rodin ya fara tsatsa."

"Haba ƙanwata, ai launi ne kawai."

Tana wanke hannu sai ta hango inuwarsa a gilashin taga. Ya lashi babban yatsa, ya dangwalo ja daga kankaren wani da aka gwada a gefe, yana shafa wa nasa a nitse. Daga gani ba yau ya fara ba, kuma da wuya a ce 'ya'yansa suna bi ta ƙarƙashin barandar nan.

"Duba, ya fara ja!"

Ta ɗauki guntun da tsumma, ta sake fasa shi, ta fesa, bai yi ja ba, ta tura masa.

"To, lashi wannan ma."