Akwatin Rediyon Mota da Hannun Kawu

Na manta abubuwa da yawa da suka same ni a sana'ar gyaran kwamfuta, amma ranar da na tayar da fankar firinta da akwatin rediyon babbar mota ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina da ɗan shago a Agege, cikin Legas, kusa da layin dogo, ni kaɗai ce mace a jerin masu gyara. Na sayi wata firinta 'yar gwanjo, ba irin mai buga takarda ba. Wannan zaren roba take narkarwa ta gina abu da shi, layi bisa layi, har ya zama abin da aka zana a kwamfuta. Maƙwabta suna ce mata abin wasana, kuma ba su yi ƙarya sosai ba, don maƙallan makulli kawai nake yi da ita.

Sai tsautsayi ya faɗa wa kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda mahauci ne a kasuwa. Injin niƙa nama ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Ciwon ya warke, amma wuƙa ta ƙi zama a hannun. Shi ne ya riƙe mu a Legas bayan rasuwar mahaifina, don haka da ya zo gida wata rana ya ce wa Umma zai bar teburinsa ya koma garinmu, sai na ji kamar an zare min ƙashin baya.

"Mahaucin da ba ya riƙe wuƙa, zaman me yake yi a nan?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, ku ba ni zuwa ƙarshen mako."

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya son kunyata yaro, ya miƙo hannun na auna. Na zana masa mariƙi wanda zai zauna a tafin hannu, a ɗaure shi a wuyan hannu, ƙotar wuƙa ta shige ciki daram.

Aiki ya kai rabi sai firinta ta fara ƙas-ƙas, roba ta daina fitowa. Da na duba, ƙaramar fankar da ke sanyaya kan injin ce ta mutu. In babu ita, zafi yakan hau sama ya narkar da zaren tun bai kai baki ba, hanya ta toshe. Fanka kam ina da su cike da kwali, na tsofaffin kwamfutoci. Matsalar ita ce dukansu wutar volt goma sha biyu suke ci, firintar kuwa ashirin da huɗu take bayarwa. In na haɗa kai tsaye, ƙonewa za ta yi. Na hau danfo, ƙaramar motar haya, na zagaya kasuwar kwamfuta ta Ikeja har ƙafata ta yi tsami, kowa ya ce sai dai a yi min oda daga waje, in jira makonni. Kawu kuwa har ya sa Umma ta fara ɗaure masa kaya.

Da gari ya waye na gwada dabarar raba wutar: na jera fanka biyu a layi ɗaya don kowace ta ɗauki rabi. A takarda lissafin ya yi kyau. A zahiri, da yake girmansu ba ɗaya ba ne, ɗaya ta riƙa gudu kamar za ta tashi sama, ɗayar tana rarrafe, sai ga warin ƙauri. Na yi maza na kashe.

Na fito ƙofar shago na zauna, raina a jagule. A tsallaken titi wata babbar mota ce a ajiye, ta wani dattijo ɗan Nijar mai kawo albasa kasuwar Mile 12, wanda yakan huta a unguwarmu kafin ya juya. Rediyonsa na ta yi. Ina jin sautin ba tare da na saurara ba, can sai wani tunani ya faɗo min. Babbar mota batir biyu take aiki da su, wato ashirin da huɗu ke nan. Rediyon mota kuwa sha biyu yake ci. To me ya hana nasa ƙonewa?

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba.

"Baba, sannu da hutawa. Don Allah rediyon nan naku, ta ina yake shan wuta?"

Ya dube ni da mamaki. "Ɗiyata, mi za ki yi da shi? Akwai wani ɗan akwati nan ƙasa, makaniki ya sa mini. Ni dai na san in babu shi rediyo toyewa yakai."

Na ba shi labarin Kawu. Ya ɗauko sukundireba ya kwance akwatin ya miƙo min. "Kamiyo, motar nan tawa, na tahiya ko ba waƙa. Je ki gwada."

Na zare firinta daga wuta, na haɗa bakin shigar akwatin da wutar firintar, jar waya da ja, baƙa da baƙa. Kafin in kusanto da fanka, na kunna na ɗora mitar auna wuta a bakin fita. Sha biyu cif. Na liƙe wayoyin da dalma, na ɗaure fankar a mazauninta. Ta tashi lafiya lau, ba gudu ba rarrafe, iska mai sanyi na bugun yatsana. Na share toshewar, na tayar da janareta don kada ɗaukewar wuta ta katse ni, na faro aikin daga farko. Tun hantsi nake zaune ina kallon mariƙin yana tasowa, sai bayan la'asar injin ya tsaya da kansa.

Washegari na kai wa Kawu a kasuwa. Ya ɗan matse shi a gefe, na goge da zarto har ya zauna. Abokan sana'arsa suka kewaye mu. Wata Bayarabiya da ta saba sayen nama a wurinsa ta nuna cinyar saniya ta ce, "Oga, yanka min nan." Kawu ya danne naman da hagu, ya sauke wuƙa. Ta ratsa sumul. Ya sake, ya sake, yana ƙara sauri, har kasuwar ta ɗauki tafi. Bai ɗago kai ba sai da ya gama, kuma da ya ɗago idanunsa sun cika.

"Ki gaya wa uwarki ta kwance kayan nan," ya ce.

Na mayar wa dattijon akwatinsa kafin ya kama hanya, daga baya na sayi ƙaramin irinsa wurin masu kayan mota. Kawu yana kan teburinsa har yau, ni kuma masu irin larurarsa sun san hanyar shagona.

Abin da ranar ta koya min shi ne, in abu biyu suka ƙi dacewa, ba a tilasta su kuma ba a fid da rai. A nemi abin da zai shiga tsakaninsu. Sau da yawa yana nan kusa, a hannun mutanen wata sana'ar da ba ka taɓa tunanin tambaya ba.