Keken da Ya Kai Baba Cikin Teku

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga East Greensboro ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu huɗu a mota: ni, da maiɗakina, da ƙaninta, da mahaifinsu, wato surukina, wanda duk muke kira Baba. Wilmington muka nufa, birnin bakin teku da ke can gabashin jiharmu. Da yawanku da kuka ga hotunan kun yi ta tambayata yadda aka yi Baba ya yarda ya fito. To ga yadda aka yi.

Baba mutumin Ghana ne. A zangon Takoradi aka haife shi, kuma a tashar jiragen ruwan garin ya ƙare ƙarfinsa yana aikin lodi da sauke kaya, kafin 'ya'yansa su ɗauko shi su dawo da shi nan. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin magana. Tun da aka sallamo shi bai yarda ya je ko'ina ba sai wajen likita, ko masallacin Juma'a ya ƙi. Ya ce mutanen da suka san shi a tsaye ba za su gan shi a keken guragu ba. Kwanan nan kuma ya fara cewa a yankar masa tikiti ya koma gida ya jira lokacinsa. Maiɗakina ce ta lura teku ne kaɗai abin da in aka ambata yake ɗago kai, sai ta lallaɓa shi har ya amince, bisa sharaɗin cewa ba wanda ya san shi a can. Kafin mu fito ta ja ni kicin ta ce min in wannan tafiyar ba ta yi ba, dabararta ta ƙare, za ta sayi tikitin, kuma ta san in ya tafi shi ke nan ba za ta sake ganinsa ba. Da wannan maganar a raina na tayar da mota.

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Babban titi mai lamba arba'in za ka hau, ka wuce Durham, ka wuce Raleigh, ka yi ta miƙawa har titin da kansa ya ƙare a bakin birnin. Awa uku ne da 'yan kai in ba a tsaya ba, mu kuwa mun tsaya sau biyu saboda Baba. Bayan Raleigh ƙasar takan kwanta shimfiɗe, ba tudu ba gangare, sai dogayen itatuwa da gonakin masara da dankali. A wani wuri wani wari ya cika motar, na fara zargin kular abincin da ke but, sai ƙanin maiɗakina ya yi dariya ya ce gidajen kiwon alade ne a bayan itatuwan. Shi direban tirela ne, kwantena yake ɗaukowa daga tashar Wilmington ya kai manyan ɗakunan ajiya na yankinmu, don haka duk hanyar bai bar ni na yi tuƙi da daɗin rai ba. Shi ya san inda mai ya fi araha, shi ya san inda 'yan sanda ke laɓewa, har inda ya kamata in taka birki shi yake faɗa min. Baba dai carbi kawai yake ja.

Mun shiga gari da hantsi. Birnin bai kai Greensboro girma ba, amma motoci sun fi ƙarfin titunansa, kuma ko'ina ka duba gini ake yi. Lambobin motoci kaɗai sun isa su gaya maka su waye a garin: rabinsu daga jihohin arewa masu sanyi suke. Tsofaffi ne da suka ajiye aiki suka sayar da gidajensu suka gudo wa ƙanƙara, ga ɗaliban jami'a a kan kekuna, ga 'yan yawon buɗe ido da jajayen kafaɗu da rana ta ƙona. Wani baƙar fata da ya sayar mana da ruwa a kanti ya ce a nan aka haifi kakansa, amma yanzu haya ta kori 'ya'yansa zuwa tsallaken kogi, kullum sai sun hau gada su zo aiki a otal-otal da asibiti. Ya faɗa yana murmushi, amma ban ga alamar abin yana ba shi dariya ba.

Da muka bi ta gefen tashar jiragen ruwa ne Baba ya fara motsi. Manyan injinan ɗaga kaya ne a tsaye a bakin kogi, ga kwantenoni jibge kala-kala kamar an jera sandunan sabulu, ga wani jirgi da ya fi unguwarmu tsawo. Baba ya sa aka sauke gilashi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina mutanen?" Ɗansa ya ce, "Baba, yanzu duk mashin ne, mutum ɗaya a sama yana danna maɓalli." Baba ya ce a zamaninsu buhun koko a ka ake ɗauka, mutum ɗari a jirgi ɗaya, ana waƙa. Rabon da in ji ya haɗa jimla uku a jere na manta.

Daga nan muka gangara kudu zuwa wani ƙaramin gari da ke kan gaɓar tekun sosai. Gidajensa a kan dogayen turaku suke, mota a ƙasa mutane a sama, saboda ambaliyar da guguwa ke kawowa. A kan titi kuma akwai shuɗɗan alluna masu nuna hanyar gudu in an ce a kwashe. Kuɗin fakin na awa ɗaya ya kusa na farantin abinci, na biya ina gunaguni. Muka sauke Baba a kekensa, muka bi wata gadar katako da aka yi ba matakala, tana kai mutum har kan yashi. Ga teku nan a gabanmu, bai fi taku hamsin ba.

A nan lissafinmu ya watse. Ana sauka daga katakon tayoyin keken suka nutse cikin yashi har rabi. Na tura, ya ƙi. Muka ja da baya mu biyu, Baba ya kusa kifewa. Gumi ya jiƙa min riga, mutane sun fara waiwayowa, wato abin da Baba ya fi tsana a duniya. Sai ni mai dabara na ce ai akwai bargo a mota, mu kwantar da shi a ciki, mu uku mu kama gefe uku, mu roƙi wani ya kama na huɗun, mu kai shi bakin ruwa. Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa. Sai da na ga fuskar maiɗakina na gane abin da na kwatanta.

Baba bai taɓa ɗaga min murya ba, akwai kunya tsakaninmu. Ranar ma bai ɗaga ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, da raina? Mutum huɗu su ɗauke ni a zane? Ku bari in mutu tukuna, ba za ku daɗe kuna jira ba." Ya juya ga 'yarsa ya ce, "Na ga ruwan. Mai da ni mota." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Maiɗakina ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, ni kuma na san tikitin nan ya tabbata, kuma bakina ne ya yanke shi.

Muna kiciniyar juya keken sai wata tsohuwar baturiya mai faffaɗar hula ta tsaya. Ta ce ba da wannan keken ake shiga yashi ba, me ya sa ba mu karɓo na hukumar garin ba? Ta nuna mana ofishin 'yan kwana-kwana, layi biyu daga wurin. Ta ce ita ma da shi take kai mijinta. Gaskiya na so in yi mata godiya kawai mu wuce. Shekaruna a ƙasar nan sun koya min in ji tsoron duk wata ƙofa ta hukuma, don a ganina bayan kowace akwai fom da tambayar inshora da takardar biya da za ta biyo ka gida. Kunyar abin da na yi wa Baba ce ta tura ni, ba ƙarfin hali ba.

Wani ƙato mai gashin baki na tarar yana wanke motar kashe gobara. Ya karɓi lasisina na tuƙi ya duba, ya rubuta lambar wayata, ya turo min wani keke mai ƙafafu kamar an hura balan-balan, da lema a samansa. Na tambaye shi nawa ne. Ya ce kyauta ne, na hukumar garin ne, in dawo da shi kafin yamma, in kuma ɗauraye yashin a famfon bakin gada. Na sake tambaya don kada kunnena ne. Ya ce, "Harajin mutane ne ya saya, kai ma ai kana biya."

Baba ya ƙare wa keken kallo, kamar mai tayin rago. Ina jin abin da ya sa ya yarda shi ne bai yi kama da na asibiti ba. Ɗansa ya taimaka masa ya koma ciki, na kama na tura, sai ga shi yana tafiya a kan yashi sumul. Wata budurwa cikin masu ceton mutane a ruwa ta sauko daga kan dakalinta ta nuna mana inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi, ta ce kada mu wuce idon sawu. Muka tura shi har ruwa ya zo ya rufe ƙafafunsa ya koma. Baba ya rufe ido. Can ya ce a naɗe masa hannun riga. Tun da ciwon ya same shi ɗansa ke yi masa alwala, amma ranar ya sunkuya, ya kamfato ruwan teku da hannun dama, ya yi abarsa da kansa, a hankali, mu uku muna tsaye ba wanda ya sa masa hannu. Ni dai na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Da ya gama ya nuna tsallaken ruwa ya ce Takoradi na can saitin nan. Ɗansa ya zaro waya ya ce taswira ta nuna sai an karkata dama. Baba ya ce wayar ta taɓa hawa jirgin ruwa? Muka yi azahar da la'asar a haɗe a kan yashi, muka buɗe kular wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin Ghana. Na sayo soyayyen kifi da jatan lande da wani abu kamar ƙosan masara, bayan na tabbatar ba a soya su da man alade ba. Baba ya ce kifin ba laifi, sai dai ba yaji, kuma ba dokunu, tuwon masararsu na gida. Da zan mai da keken ya sa aka tura shi har ƙofar ofishin, ya miƙa wa mai gashin bakin hannu ya gode masa da yaren Ghana ya ce, "Medaase, Allah ya yi albarka." Mutumin bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya cire hularsa.

Mun iso gida bayan magariba, mota cike da yashi. Abin da na koyo shi ne, ba a gane gari da dogayen gine-gine ko yawan jiragen da ke tasharsa kaɗai. Wani a garin can ya zauna ya tuna cewa akwai tsohon da ba zai iya taka yashi ba, ya tanadar masa keke tun kafin ya zo. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen da ban san sunansu ba. Na kuma koyi in riƙa tambaya kafin in kawo dabarata.

Maganar tikiti Baba bai sake tayarwa ba, mu ma ba mu tayar ba. Jiya Juma'a na fito da shirin masallaci, sai na tarar da Baba a bakin ƙofa cikin kekensa na kullum, da farar riga da hula, ya sha turare. Ya ce, "Malam, ka tura a hankali. Kuma sahun gaba nake so."