Yoyon Mota da Yoyon Ɗakin Kawu

Jiya ruwan sama ya jiƙa min kafet ɗin mota, warinsa ya tuna min da Kawu, mai gyaran bodi a Gumel. A shekarun casa'in na kai masa Fijota tana yoyo. Ya shige ciki, ya sa ni zuba ruwa da buta daga ƙasan gilas zuwa rufi, yana bin roba da yatsa, har ya gano tsagar a gindin eriya. Ya ce, "Ɗan nan, inda ruwa ya ɗiga, ba nan ya shigo ba."

Ɗakinsa kuwa damina uku yana yoyo. Mu masu motoci, bokiti kawai muka ajiye masa har ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya ba shi rufin da muka hana shi.