Notin da Na Naɗe da Tef Na Yi Shiru

Edita, ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. A shekarun da abin ya faru ni bakaniken babur ne a Illela, da rumfata a gefen titin da ya miƙe zuwa boda. Ban daɗe da barin hannun ubangidana ba, amma na riga na yi suna cikin 'yan kabu-kabu masu kai mutane Konni da dawowa. Sunan nan ya hau mini kai. Akwai benci a bakin rumfata da ba ya rabuwa da mutane, ni kuma ina aiki ina surutu, ina kushe aikin sauran kanikawa ana dariya.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani dattijo daga Kalmalo, mai saro kifi a bakin tafki yana kawowa gari a bayan babur ɗinsa. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini. Ba ya tsayawa a kaina idan ina aiki. Yakan ajiye babur ya tafi sallamar masu sayen kifinsa, ya dawo ya hau ba tare da ya duba komai ba. Wata ranar kasuwa ya kawo a canza masa baƙin mai. Na kwance notin ƙasan inji, tsohon mai ya tsiyaye, na mayar da notin ina ɗaurewa, bakina kuma yana wajen mutanen benci. A daidai lokacin ma labarin wani bakanike nake ba su, wanda na ce bai san ƙarfin hannunsa ba. Sai na ji sifanar da nake ɗaure notin da ita ta tafi sakayau a hannuna. Duk bakanike ya san wannan jin. Jikin inji alminiyom ne, ba shi da taurin noti, idan ka matsa fiye da kima sai zaren ramin, wato tsagin da noti ke kamawa, ya cinye. Na zaro notin a ɓoye na duba, ga 'yan siraran farin ƙarfe sun nannaɗe shi.

Na san gyaran abin sarai. A yanka sabon zare a ramin, a sa noti mai ɗan kauri, shi ke nan. Amma ba ni da abin yanka zare na girman, kuma sai an bar babur ɗin ya kwana, sai na yi wa Baba bayani a gaban mutanen da yanzun nan na gama cika wa baki. Sai na juya musu baya, na naɗe notin da farin tef ɗin masu gyaran famfo, na shafa gam, na murɗa a hankali har ya ɗan kama. Na zuba sabon mai, na goge wurin tas. Baba ya dawo ya sa mini albarka ya hau ya tafi. Na bi shi da ido har ya ɓace, ina duba titi ko zan ga ɗigo.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Washegari da hantsi na rufe rumfa na tsallaka Konni, na zaga har na sami abin yanka zaren da notin da ya dace. Na zuba su a aljihu, na ce da zarar Baba ya biyo zan gyara ba tare da ya sani ba. Bai biyo ba. Na kira shi a waya na ce ya kawo babur in duba masa sarƙa, ya yi dariya ya ce sarƙa lafiya lau take, kifi na fita sosai kwanakin nan, sai an kwana biyu. Ko a wayar nan da na buɗe baki da an wuce wurin, amma na yi masa sallama na kashe. Abinci ya daina shiga mini. Ina sallah sai in rasa raka'a nawa na yi. Duk ƙarar babur da ta tsaya a bakin rumfa sai in leƙa in ga ko Baba ne. Maiɗakina ta tambaye ni abin da ke damuna har ta gaji, ina ce mata zazzaɓi ne.

A kwana na biyar na hau nawa babur ɗin na tafi Kalmalo. Na sami na Baba a jingine ƙarƙashin wata bishiya kusa da tafki, babu kowa kusa. Na durƙusa na leƙa. Ga yashi ya yi baƙi kamar faɗin tafin hannu, ga wani ɗigo yana lilo a bakin notin. Ina nan durƙushe sai ga shi ya taho tare da masunta uku, yana murna, yana nuna musu ni yana cewa ga bakanikensa da ba ya yarda da kowa sai shi. Ya tambaye ni ko lafiya. Kayan gyara suna aljihuna, ina jin nauyinsu a cinyata. Na dubi masuntan nan na ce wani aboki na zo gani, na hango babur ɗin na tsaya mu gaisa. Ya ɗaure mini kifi biyu manya a leda ya ce in kai wa iyali. Na karɓa na taho. Har yau idan na tuna wannan karɓar sai in ji kunyar kaina.

Kwana uku bayan haka, da safe, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce mai kifin nan na Kalmalo ya faɗi a kwanar shigowa gari. Notin ne ya fita yana cikin tafiya, mai ya kwarare kan tayar baya, taya ta zame, babur da kwandon kifi suka danne masa ƙafa. Ta karye wuri biyu. A benci aka yi ta magana, wani ya ce hanya ce ta lalace, wani ya ce tsufa ne, ya kamata ya bar hawa. Ina jin su na ci gaba da aikina.

Da la'asar ƙanen Baba ya kawo babur ɗin a amalanke, ya ce yayansa ya ce kada a kai wa kowa sai ni. Na kwantar da shi, na tsince ragowar tef a ramin, na yanka sabon zare, na wanke ɓarɓashin da fetur, na sa sabon noti. Aikin bai kai minti ashirin ba. Na zauna a ƙasa ina kallonsa. Yanzu babu wata shaida da ta rage, kuma a lokacin ne na gane ba zan iya ci gaba da zama da abin ba.

Da kaina na kai babur ɗin Kalmalo washegari. Na sami Baba kwance a zaure, mai ɗori ya ɗaure masa ƙafa da karare, 'yan dubiya cike da wurin. Wannan karon ban jira su watse ba. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga sifana har kifin da na karɓa. Ƙanensa ya miƙe, Baba ya ɗaga masa hannu ya zauna. Ya ce shi ma ya ga ɗigon mai tun kwana na uku, a inda yake ajiye babur. Na tambaye shi me ya hana shi dubawa. Ya dube ni ya ce, "Kai kaɗ ɗaure shi, ɗana. Mi za ni dubawa?"

Ya ce ya yafe mini saboda Allah, kuma na yarda ya yafe. Ƙafar ta warke amma da ɗingishi. Yana wucewa ta gaban rumfata har yanzu, ya ɗaga mini hannu mu gaisa, ya zarce wajen wani bakanike can gaba. Bai taɓa gaya wa kowa a gari dalili ba, ni ma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Na yi ta tunani a kan abin nan. Cinye zare ba wani babban laifi ba ne, babu bakaniken da bai taɓa yi ba. Abin da ya karya ƙafar bawan Allah nan shirun da na yi ne, kwana takwas, alhali sau uku ina samun damar magana. 'Yan'uwana masu sana'ar hannu, idan aiki ya ɓaci a hannunku ku faɗa nan take, ko da duk garin na zaune a kanku. Kunyar ba ta wuce yini guda. Ku kuma masu hawa, idan kun ga ɗigon mai a ƙarƙashin injinku, kada ku hau sai kun tambaya, ko da wanda ya ɗaure notin ɗanku ne na cikinku. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa dattijon nan a addu'a, ni kuma ya nema mini gafara.