Rumbun da Ba Mu Buɗe Ba

Ko da zan manta ranar da na karɓi takardar digirina ta harkar kasuwanci, wallahi ba zan manta da wani rumbu a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta ba.

A shekarun da kwanon gero ya gagari talaka ne. Bayan na gaji da yawon neman aiki, wani ƙaramin kamfani mai kai baƙi yawon buɗe ido ya ɗauke ni gwaji. Aka haɗa ni da baƙi huɗu 'yan Kudu masu son ganin zaman karkara, da wani dattijon direba da ke ce mini Manaja don tsokana. Ni kuwa sunan har daɗi yake mini. A makaranta an koya mana cewa abin da abokin ciniki yake so shi ake yi, na riƙe wannan gam. Har na rubuta musu a tsarin tafiya cewa za su leƙa cikin rumbu.

Muka isa da hantsi, damina ta yi tsakiya. Mai gidan da zai karɓe mu tsoho ne, ya shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya, ya sa aka kawo ruwa. Gaisuwa ma a tsaitsaye na yi ta, ina duba agogo. Wata daga cikin baƙin ta nuna babban rumbun da ke bayan danga, ta ɗaga kyamara. Nan take na ce, "Baba, a kawo tsani, baƙi za su ga hatsi."

Tsohon ya dubi rumbun, ya dubi maƙwabtan da suka taru kallon baƙi, sannan ya miƙe a hankali. Ni gogan naku ban ga komai ba, har cewa na yi a ɗan hanzarta.

Sai direba ya ce, "Manaja, zo ka ga wani abu a mota." Da muka koma gefe ya riƙe mini hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, ka ga kaza ko ɗaya a gindin rumbun nan?"

Na ce a'a.

"To ka dubi bakinsa, gizo-gizo ya yi saƙa. Bara ruwa ya ɗauke da wuri. Babu ko zangarniya a ciki. Mutumin nan ba zai iya ce wa baƙonsa a'a ba, kai kuma za ka buɗe shi a gaban mutanen unguwarsu."

Innalillahi! Gumi ya keto mini. Na juya, ga tsohon can yana tahowa da tsani a kafaɗa.

Direba bai ko yi gaggawa ba. Ya tare shi da fara'a, ya karɓi tsanin ya jingine a jikin danga, ya ce, "Baba, ai hatsi ko a kasuwar Dawanau sun gani. Ginin ne ya ba su mamaki. Wai da gaske hannunka ne ya yi wannan?"

Fuskar tsohon ta sake. Ya ce shi ya gina, shi ya ɗinka jinkar. Kafin ka ce me, an kawo ƙasa da ciyawa, yana kwaɓawa yana bayani, ni ina fassarawa. Baƙi suka tuɓe takalma suka shiga taka laka, matar nan ta manta da kyamararta, maƙwabta suna ta dariya. Ba wanda ya sake ambatar tsani.

Da za mu tafi, tsohon ya riƙe hannun direba ya daɗe bai saki ba. Abin da ya ce kawai, "Allah Ya rufa maka asiri." Ni kuma ya yi mini addu'ar samun aiki, kunya kamar in nutse.

Na samu aikin, kuma yau ni nake ɗaukar sababbin masu digiri. Suna zuwa da iya turanci da kwamfuta da tsara tafiya, duk ana buƙatarsu. Amma ina gaya musu abin da direban nan, bawan Allah da bai yi boko ba, ya koya mini: a wannan sana'a, wanda ka je gidansa yana da haƙƙi a kanka kamar wanda ka kawo. Kafin ka ce a buɗe wa baƙo wani abu, ka fara duban fuskar mai shi.