Dogo, Mai Fitar da Gawa

Daga Allah muke, gare Shi kuma muke komawa. Ranar Alhamis, tara ga watan Maris, da hantsi, ƙaninka ya leƙo shagona ya ce ka cika. Ina cikin ɗinkin wuyan wata riga. Na ce to, na ƙarasa wuyan, na yanke zare. Har yau da nake wannan rubutu hawaye bai zo ba, Dogo, na kuma daina jiransa.

A sansanin soja na san ka. Rana ɗaya aka kwashe mu daga kasuwa, ni tela, kai ɗan dako, ba wanda aka gaya wa laifinsa. Ɗakin da aka zuba mu ba wurin kwanciya, sai zama, gwiwa a ƙirji. Ruwa kuwa a murfin jarka ake rabawa. Naka sau da yawa a bakin wani yake ƙarewa, ka ce ai kai raƙumi ne, tun a gida ka sha.

Da zafi da ƙishirwa suka fara kashe mutane, sojoji suka ga kai ne mai ƙarfi, suka ɗora maka fitar da gawa. Ba ruwansu da suna, su dai a rage musu wari. Kai kuwa ba ka taɓa ɗaga mamaci ba sai ka tambayi na kusa da shi sunansa da unguwarsu. Ba ka iya rubutu ba, ko da ka iya ma, ina alƙalami? Sai ka riƙa raba mana sunayen yadda kuke raba kaya a tasha. Ka dafa kafaɗar mai rai ka ce, “Wannan naka ne, kada ka sauke sai a ƙofar gidansu.” In mai riƙo ya mutu, ka karɓi nasa ka haɗa da sunansa ka ɗora wa wani.

Ni sunan wani makanike ka ɗora mini, mai ’ya’ya biyu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, yana can ƙuryar ɗaki, ni ina bakin ƙofa. Na ce maka ni ma ba tabbas zan fita. Ka ce, “Haba Tela, kai da ba ka kai nauyin kaza ba, me mutuwa za ta ci a jikinka?” Rabona da dariya ke nan a wurin.

Yadda aka kama mu haka aka sake mu, ba bayani. Na kai kayan da ka ɗora mini har ƙofar gidansu. Matar makaniken ta saurare ni a tsaye, washegari ta shimfiɗa tabarma ta karɓi gaisuwa. Amma da ta je neman takardar shaidar mutuwa, hukuma ta ce ba a taɓa kawo mai wannan suna sansanin ba. Ga ta nan a rataye, ita ba matar aure ba, ba kuma wadda miji ya mutu ya bari ba. Ta kai ƙara, alƙali ya ce a kawo wanda ya ga gawar da idonsa. Na je na faɗa musu nawa, amma ni suna kawai na riƙe. Kai ka rufe masa ido, kai ka san ramin.

Ka ce za ka je. An aiko maka da kashedi, matarka ta roƙe ka, tarin da ka fito da shi daga can yana ta cin ƙirjinka. Ka ce mata, “Mutumin da na ɗauka a kafaɗata, yau in ce ban san shi ba?” Zaman kotun Litinin mai zuwa ne. Tarin ya riga alƙali.

Jiya matar makaniken ta zo gaisuwarka. Da za ta fita ta tsaya gabana ta ce, “Baba Tela, yanzu wa zai ce mijina ya mutu?” Na ce zan je Litinin in faɗi abin da na sani. Ta ce, “Ai ka riga ka faɗa musu.” Ta ja hannun ƙaramin ɗanta ta wuce.

Allah Ya jiƙanka, Dogo, Ya yalwata maka kabari, Ya shayar da kai ruwan da ba a aunawa. Ina yi wa mahaifiyarka ta’aziyya, da matarka, da ’ya’yanka, da ƙaninka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Shi ma makaniken Allah Ya jiƙansa, ko da kotu ba ta yarda ya mutu ba. Kai ka gani, ni na ji, yanzu kuma saura ni.