Inna Lasifika da Zauren da Ya Cinye Mata Kunne

Kafin a buɗe laburare, Inna ta riga ta iso. Takan shigo ta ƙofar da ke gindin tsohon bututun hayaƙi, wanda yanzu aka rataya wa tutar jami'a, jakarta a hammata, ta tsaya ta gaisa da Baba Mai Ƙofa da muryar da har ɗakin kwanan ɗalibai mata ake ji.

"Makanike! An tashi lafiya? Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ki rage murya, kin tashi 'yan boko."

"Me ka ce?"

"Na ce ina kwana!"

"To ka buɗe baki mana, kana magana kamar sabon ango."

Daga nan sai ta ɗauki bokiti da tsumma ta shiga zauren karatu. Ta share, ta goge, ta jera kujeru, ta ciro cingam ɗin da muke liƙawa a ƙarƙashin tebura ba tare da ta zagi kowa ba. In ɗalibai suka cika wurin, sai ta fara wani aikin da babu wanda ya ɗauke ta dominsa: ta bi layin tebura a hankali tana duban fuskar kowa. Wanda suka haɗa ido da shi, sai ta taɓa ƙasan idonta da yatsa, ta miƙo masa tafin hannu. Ma'anarsa, lafiya kake? Amsar kuwa ka dafa ƙirjinka. Tana ganin ka dafa, ta wuce.

Haka take yi kullum, kafin a raba ta da zauren. Dalilin rubutun nan ke nan. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai takardar jarrabawa, kuma ni mutum ce da in malami ya kira sunana a aji, harshena ke ɗaurewa. Ku yi haƙuri da ni. Amma abin ya tsaya mini a wuya.

Wanda bai sani ba, unguwar nan tamu ta jami'a da duk masana'antu ce. Ɗakunan laccarmu sito ne na auduga. Inda muke shan shayi, nan ake rini. Laburaren kuwa, mai dogayen tagogi da ginshiƙan ƙarfe, shi ne zauren saƙa. Inna tana budurwa ta shiga wannan zaure, ta tsaya gaban inji har ta yi aure, ta haihu, ta yi furfura. Ƙarar injuna ta cinye mata kunne ɗaya gaba ɗaya, ta bar mata kaɗan a ɗayan. Da masaƙar ta mutu, aka sayar da unguwar, aka yi fenti, aka dasa furanni, sai kamfanin shara ya ɗauke ta, ta dawo zaurenta da tsintsiya. Ba ta jin muryar kanta, shi ya sa take ɗaga ta. Ɗalibai suka sa mata Lasifika. Ita ma ta san sunan, dariya yake ba ta.

Baba Mai Ƙofa ne ya bayyana mini zancen kallon fuska. Shi makaniken injuna ne a da, kuma babu yatsu biyu a hannunsa na dama.

"'Yata," ya ce, "a wurin nan in inji ya kama ka, ko ka yi ihu har maƙogwaronka ya tsage babu mai ji. Shi ya sa muka yi wa kanmu doka, ba Manaja ya kafa ta ba: kowa ya riƙa ɗaga kai yana duban na kusa da shi. In ka tambaya bai dafa ƙirji ba, ba ka tsaya wata-wata, ka ruga wurin ginshiƙin tsakiya ka kashe wutar zauren duka. Sai injuna sun yi shiru sannan ake jin mutum."

Ya ɗaga hannun. "Ranar da bel ɗin inji ya ja ni, Inna ce ta gani. Da har kafaɗa zai tafi da shi. Yanzu ga ni ina cin abinci da hannuna, ina kuma shan ihunta kullum da safe. Ban san wanne ne ladan ba."

Ni na san ta ne a shekarata ta farko. Ina zama a teburin ƙarshe, bayan kantar littattafan da ba mai taɓawa, don kada kowa ya yi mini magana. Wata rana ta yi mini alamar, ban san amsa ba, na sunkuyar da kai. Sai kawai na ji ta a kaina: "'Yata, kin karya kuwa? Leɓenki ya bushe!" Zauren duka ya juyo. Na ji kamar in shige cikin littafin. Amma gaskiya ta faɗa, ban karya ba, kuma tun da na zo jami'ar babu wanda ya tambaye ni. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjina, ta ce haka ake yi in lafiya, in kuma ba lafiya kada in sake in yi mata ƙarya.

Yanzu ga abin da ya faru a makon jarrabawa, a gaban mutane da yawa, ni ma ina wurin.

Zauren ya cika maƙil da rana tsaka. Kowa ya toshe kunne da abin sauraro, ido a kan kwamfuta. A layin tsakiya akwai wata 'yar ajin shari'a da muke kira Lauya. Tana da ciwon asma, ta bar maganin shaƙarta a ɗaki. Numfashinta ya sarƙe. Ta ce mini daga baya ta so ta taɓa na kusa da ita, hannun ya ƙi ɗaguwa, murya kuma babu. Mutum a damanta, mutum a hagunta, wani a gabanta, babu wanda ya ɗago.

Inna ce ta hango ta daga can bakin kantar littattafai. Ta yi alama, Lauya ba ta dafa ƙirji ba. Sai Inna ta yar da tsumma ta kwasa da gudu, ba wurin yarinyar ba, wurin ginshiƙin tsakiya, inda har yau akwatin wutar zauren yake, tana ihu da dukan ƙarfinta:

"A kashe inji! A kashe inji! Mutum ya faɗi!"

Ta ja makunnin ƙasa. Fitilu suka mutu, fankoki suka tsaya, kwamfutocin laburare duk suka yi baƙi. A lokacin ne kowa ya cire abin kunnensa ya ɗago kai. A cikin shirun nan aka ji numfashin Lauya yana fita kamar usur. Wata mai karatun jinya ta tsallake tebur, wani ya ciro maganinsa daga aljihu, aka ɗauke ta zuwa asibitin makaranta. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya sha bamban.

Ba zan ɓoye ba, an yi asara. Wasu aikinsu ya tafi, har da wani malami da ke gyaran wani babi na kundin digirinsa na uku a kwamfutar laburare. Na ga fuskarsa, na tausaya masa. Amma ya sake rubuta babinsa. Wa zai sake wa uwar Lauya rubuta 'ya?

Kafin mako ya zagayo, an cire Inna daga laburare. Aka ce ta taɓa kayan wuta ba da izini ba, ta firgita jama'a, kuma da ma ana ta ƙorafi a kan muryarta da yadda take zura wa mutane ido. Aka mayar da ita sharar filin ajiye motoci, a rana, mace mai jikoki. Kamfanin sharar ya ce in zangon nan ya ƙare, sai dai ta zauna a gida, in ba laburare ne ya nemi a dawo da ita ba.

Ni da Lauya muka je wurin Shugaban Laburare. Na shirya maganata tun daga ɗaki, amma ina shiga ofis maganar ta gudu ta bar ni. Lauya ce ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, matar nan ita ta cece ni."

"Na sani, 'yata, Allah ya ƙara lafiya. Amma nan wurin karatu ne, ba masana'anta ba. In kowa zai riƙa kashe wuta don ya ga abu, ina za mu? Akwai tsari. Sai ta zo ta sanar da ma'aikacin tebur."

"Ma'aikacin tebur ma da abu a kunnensa, ranka ya daɗe."

Ya gyara tabarau, ya ce kwamiti zai duba. Ba mugun mutum ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Duk wanda ka je wurinsa ba mugu ba ne, kuma Inna tana can a rana.

Sai ga bikin tunawa da tarihin unguwa. Aka kawo tsohon injin saƙa guda aka goge shi, aka sa a akwatin gilashi a bakin laburare. Aka rataya ƙaton hoton ma'aikata a jere gaban injuna. A gefe aka sa wani maɓalli, in ka danna sai lasifika ta saki ƙarar zauren saƙa, don baƙi su ji yadda abin yake a da. Manyan baƙi suka danna, suka toshe kunne suna dariya, aka yi tafi. Wani ya yi jawabi a kan gumin ma'aikata da aka gina ilimi a kansa.

Ku je ku duba hoton. A layin gaba akwai wata siririyar yarinya da ɗankwali, ita kaɗai ce ba ta kallon mai ɗaukar hoto, tana kallon ta kusa da ita. Inna ce. Ranar bikin an ce ta share fili da wuri ta koma bayan gini, kada baƙi su iso su tarar da tsintsiya.

Ƙarar da ta kurmantar da ita an sa mata maɓalli ana yi mata tafi a ƙofar laburare. Ita kuma an kore ta daga ciki saboda ƙara. Na yi ta juya wannan a raina, na karanta littattafai ba kaɗan ba, ban samu inda aka bayyana mini shi ba.

Inna, ke ce kika shiga zauren nan da kunnuwa biyu kika fito da rabi, ba ki taɓa cewa a biya ki ba. Ke ce idon zaure. Mu da muke da kunne lafiyayye muka toshe shi da kanmu, muka zauna kafaɗa da kafaɗa ba mu san mai numfashi da marar numfashi ba. Ke kika kawo mana dokar masu saƙa, muka sa miki sunan tsokana. Sun ce ba ki san bambancin masana'anta da laburare ba. Ni a ganina ke kaɗai kika gane cewa zauren bai canza ba, har yanzu mutum na iya faɗuwa a cikinsa ba a ji ba.

Tagogin laburare suna kallon filin motoci. Tun da aka mayar da ita can, takan zo jikin gilashi ta kare fuska da hannu, ta bi layukan da ido daga waje. Jiya ta hango ni a teburina, ta taɓa ido, ta miƙo tafi. Na ɗaga hannu zan dafa ƙirji, sai na tuna ta ce kada in yi mata ƙarya. Na ga zufa tana bin wuyanta. Hannuna ya tsaya.

Kafin in ankara ta yar da tsintsiya. Ta shigo ta ƙofar da aka hana ta, ta wuce injin gilashi, ta wuce hotonta, tana kira: "'Yata! Me ya same ki? Ina ne ke ciwo?"

Zauren ya ɗago. Lauya ce ta fara miƙewa, ta taɓa ƙasan idonta, ta miƙa wa Inna tafin hannu. Sai mai karatun jinyar nan. Sai ni. Sai layi bayan layi, har waɗanda ban zaci sun san alamar ba. Shugaban Laburare ya fito bakin ofishinsa ya tsaya.

Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, yadda ta saba. Sannan ta ɗora hannu a ƙirjinta.

"Ku zauna ku yi karatu, marasa aikin yi!" ta ce, har gilashi ya amsa. Ta dubi ƙasa. "Kai! Wa ke goge muku wurin nan? Ku ga gindin ginshiƙi!"

Kwamiti bai zauna ba tukuna, zango kuma ya kusa ƙarewa. Wanda duk ya taɓa dafa mata ƙirji, ofishin Shugaba yana hannun dama in ka shiga, a je a faɗa masa da baki. Ni ma zan koma, kuma wannan karon ni zan yi magana, ko muryata za ta yi rawa.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya, ya sa jikokinki su ji ƙanki. Ku kuma da kuke karanta wannan, wataƙila a cikin zauren nan kuke zaune. Ku cire abin kunnen. Ku dubi na kusa da ku.